Ranar da Na Juya Daga Ƙofar Surukaina

Salama a gare ku, 'yan'uwana, a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ina gaida Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, ina gaida zumuntar mata da ta maza, matasa, da baƙin da ke tare da mu yau. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Bitrus. Ni ne mai gyaran firij da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a nan Gwarinpa, mijin Saratu da ke cikin ƙungiyar mawaƙa. Da yawanku kun san fuskata, amma ba mu taɓa yin hira ba. Na kuma san abin da ake faɗa a kaina. Wasu sun ce girman kai gare ni. Wasu sun ce ina riƙe da wani a zuciya. Har na taɓa jin wai na shiga ƙungiyar asiri, shi ya sa ba na haɗa ido da kowa. Ban zo kai ƙarar kowa ba. Da ni ne a matsayinku, wataƙila haka zan ɗauka.

Gaskiyar magana, tsoro ne. Tsoron mutane.

Tun ina yaro a ƙauyenmu a Filato nake da shi. In malami ya kira sunana a aji, sai harshena ya yi nauyi, amsar da na sani sarai ta ɓace. Iyayena suka ce kunya ce, in na girma za ta wuce. Na girma, na yi gemu, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ba ta wuce ba. Ƙaruwa ma ta yi.

Bari in gaya muku yadda abin yake, don wanda bai taɓa ji ba. In na shiga inda mutane suka taru, sai ƙirjina ya fara bugawa kamar tsohon janareta. Gumi ya jiƙa mini riga ko a cikin ɗaki mai sanyi. Hannuna ya yi ta rawa. Sai in ga kamar kowa ni yake kallo, kowa ya ga gumin, kowa yana jira in yi kuskure. In na koma gida kuma, sai in yi ta juya kalma ɗaya da na faɗa, ina cewa me ya kai ni.

Ko sana'ar nan, saboda shi na zaɓe ta. Firij ba ya kallon mutum. In na shiga bayan gida ina gyaran esi, ni da waya da iskar gas, hankalina kwance. Saratu ce ke amsa kiran kwastomomi. Ita ce ke zuwa biki, ita ce ke zuwa gaisuwar mutuwa, ta ce, "Baban Yohanna yana gaishe ku, aiki ya riƙe shi." Matar nan ta rufa mini asiri shekara da shekaru. Allah ya saka mata.

Haka muka yi ta lallaɓawa har babban ɗanmu Yohanna ya ga yarinyar da yake so. Sunanta Ladi, yarinya mai hankali. Mahaifinta, Baba Dauda, dillalin lemo ne a kasuwar Zuba. Mahaifiyarta kuma nas ce a wani asibiti.

Aka sa ranar da za mu je neman aure. Danginmu suna can gida, kawun da ya kamata ya yi mana jagora yana kwance ba lafiya. Saboda haka magana ta faɗo kaina. Yohanna ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah, wannan karon kai nake so a gaba." Na ce masa to. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ranar na sa babbar rigata, muka ɗauki goro da kayan gaisuwa muka nufi Zuba. Tun daga hanya bakina ya bushe. Da muka isa ƙofar gidan, sai na ga takalma jere a bakin falo, na ji muryoyi da dariya. Ashe Baba Dauda ya tara 'yan'uwansa da abokansa don ya girmama mu.

'Yan'uwa, ƙafata ta ƙi shiga. Numfashina ya sarƙe. Na ji kamar in na taka tabarmar falon nan, faɗuwa zan yi in mutu a gabansu. Na ce wa Saratu, "Na manta abu a mota." Na juya. Na wuce motar. Na tsayar da mai keke, na bar matata da ɗana tsaye a ƙofar mutane da goro a hannu.

Kun san yadda za a fassara wannan. Baba Dauda ya ce na ga gidansu ne na raina. Ya ce ba zai ba da 'yarsa inda uban miji ba ya iya zama a tabarmarsa ba. A mayar da goro.

Yohanna bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya gaishe ni da safe, ya gaishe ni da yamma, ya daina cin abinci a gida. Wata rana na ji shi yana tambayar uwarsa, "Mama, me na yi wa Baba?"

Washegari na je shago na rufe ƙofa ta ciki. Na durƙusa a tsakanin matattun firij, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Na sha yin addu'a a kan abin nan, amma kullum a gajarce, kamar mai jin kunyar Allah ma. Ranar kam na buɗe komai. Na ce, "Ya Yesu, kai ka halicce ni, ka san ba raini ba ne. Na gaji da ɓuya. Abin nan ya ci ƙuruciyata, yanzu zai ci auren ɗana. Ban san sunansa ba, ban san maganinsa ba. Ka aiko mini da taimako, ko ta hannun wa, zan karɓa."

Ban ji murya daga sama ba. Amma na tashi da wata natsuwa, na buɗe shago na ci gaba da aiki.

A cikin makon sai ga mace ta yi sallama a bakin shagona. Na ɗaga kai, Maman Ladi ce. Daga baya ta gaya mini wanke ni ta zo yi, domin 'yarta ta rame da kuka. Ta ce, "Baban Yohanna, na zo in ji daga bakinka. Me muka yi maka?"

Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Sukundireba ta faɗi daga hannuna. Gumi ya keto. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta jawo benci ta zauna, ta juya gefe don kada ta zuba mini ido. Ta ce, "Zauna. Ja numfashi a hankali. Ba sauri nake ba."

Da na ɗan dawo daidai, ta tambaye ni, "Haka yake maka in ka shiga taro?"

Na ce, "Ko da yaushe."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

Ta ce, "Bawan Allah, ai kai ba ka da lafiya ne. Ciwon fargabar shiga mutane ne, muna ganin masu shi a asibiti. Ana kuma samun sauƙi."

Halleluya! Duk tsawon rayuwata ba wanda ya taɓa ce mini ciwo ne. Ni kaina na ɗauka ragwanta ce, ko ƙarancin bangaskiya. Allah ya amsa addu'ata ta bakin matar da na kunyata a ƙofar gidanta!

Da ta ce likitan ƙwaƙwalwa zan gani, na ja baya. Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Saratu ta kai maganar wurin Baba Fasto, shi kuma ya zo har shago. Ya ce, "Bitrus, in firij ya daina sanyi, addu'a kawai mai shi yake yi, ko yana kiranka?" Na yi dariya. Ya ce, "To mu yi addu'a, ka je asibiti. Allah ɗaya ne a wuraren biyu." Shi ya kai ni da motarsa ranar farko, ya zauna a waje yana jirana.

Ba a rana ɗaya na samu sauƙi ba, kada in yi muku ƙarya a gidan Allah. Likita ta ba ni magani na wani lokaci. Ta koya mini yadda zan riƙe numfashina, da yadda zan tambayi tunanina ko gaskiya yake faɗa. Ta riƙa ba ni ƙananan ayyuka. In amsa wayar kwastoma da kaina. In sayi burodi in tambayi mai shago ya iyali. Kuna dariya, amma ranar da na fara, sai da na zagaya shagon kafin na shiga. Wata rana in ci nasara, wata rana in koma gida a kunyace, Saratu ta ce, "Gobe ma rana ce, Baban Yohanna, ci abincinka."

Da na ɗan yi ƙarfi, na ce zan je in ga Baba Dauda ni kaɗai, a kasuwa. Kun san Zuba. Motoci na sauke kaya, 'yan dako na ihu a ba su hanya, kowa na ciniki da ƙarfi. Na tsaya a bakin kasuwa ina cewa, "Yesu, riƙe ni." Na kutsa har rumfarsa.

Ya gan ni, ya ɗaure fuska. Na gaishe shi, na ce, "Baban Ladi, ranar nan ba gidanka na raina ba. Tsoro ne ya kore ni. Ciwo ne gare ni, ina shan magani. Ga hannuna, ka gani da idonka." Na miƙa masa hannun yana rawa.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Matata ta gaya mini, ban yarda ba. Na ce ina aka taɓa jin ƙato da gemu yana tsoron mutane." Sai ya jawo mini kujera, ya zaɓi lemo mai kyau ya fere da kansa ya ba ni. Ya ce, "Ni na ɗauka talaucinmu ka gani. Ku dawo. Wannan karon ni da ƙanena kawai za ku tarar."

Muka koma. Na shiga, na zauna a tabarmar. Maganata ba ta yi tsawo ba, muryata ta yi rawa, amma da bakina na roƙa wa ɗana aure, aka kuma ba mu. A hanyar dawowa Yohanna yana tuƙi yana share hawaye, har uwarsa ta ce ya tsaya a gefen titi kada ya zubar da mu. An ɗaura aure, wasunku sun ci shinkafar. Yanzu Ladi tana ɗauke da jikana. Ku yabi Ubangiji!

Har yau abin yana taɓa ni, amma ya daina mulkina. Ina zuwa gaisuwa. Ina ciniki da bakina. Ni da Baba Dauda mun zama abokai, shi ya yi ta surutu, ni in yi ta saurare, kowa ya samu abin da yake so. Raina a kwance yake.

Roƙona gare ku, jama'ar Allah, shi ne wannan. Akwai irina a cikinmu, a ofis, a makaranta, wataƙila a cikin gidanka. In kun ga yaro yana ɓuya in baƙi sun zo, kada ku yi masa tsawa a gabansu. In 'yar'uwa ta ce ba za ta iya jagorar addu'a ba, kada ku ce ba ta da Ruhu. Kada ku tilasta, kada kuma ku daina gayyata. Ku zauna kusa, ku tambaya a hankali, ku ba mutum lokaci ya amsa.

Kai kuma da kake jina, zuciyarka na bugawa don ka gane kanka a cikin labarin nan, ba kai kaɗai ba ne, kuma Allah bai yi fushi da kai ba. Ka gaya masa komai yadda yake. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi. Ka je asibiti ba tare da kunya ba. Wanda ya riƙe ni zai riƙe ka.

Na gode wa Uba, na gode wa Ɗa, na gode wa Ruhu Mai Tsarki. Ɗaukaka duka tasa ce.

Abu na ƙarshe. Na ga yadda wasunku ke kallona, na san in an tashi za ku so ku zo ku rungume ni. Ina so, ku zo. Amma don girman Allah, kada ku taho gaba ɗaya. Ku zo da ɗaɗɗaya, zan tsaya in gaisa da kowa.

A cikin sunan Yesu. Amin!