Hita Mai Arha

A wani shagon kayan famfo a birnin Novi Sad, wani magidanci ya tsaya gaban hitocin ruwan wanka yana tsaki. Wata tsohuwa da ke kusa ta dube shi.

"Tsada ko, ɗana?"

"Ina fa, Mama. Arha ta yi yawa. Dinari dubu ashirin da biyar, kuɗin ɗaurawa dubu takwas. Ni kuwa dubu arba'in aka ba ni."

"To ai sai ka gode wa Allah."

"Ba ki gane ba. Wata huɗu ke nan da tawa ta ƙone. Kullum a gidan Slavica nake wanka."

"Wace ce Slavica?"

"Matata ce a da, mun rabu. Idan na fito wanka takan dafa min kofi, mu ɗan taɓa hira. Jiya ta danƙa min kuɗin, ta ce in sayi sabuwa. Da ba su isa ba, sai in koma in ce mata ba su isa ba."

Tsohuwar ta ce, "Tawul ɗinka kake zuwa da shi?"

"A'a. Akwai wanda ta ware min, shuɗi."

"To saya, kada ta ce ka cinye kuɗin. Amma ɗaurawar, ka bar wa Radoje mai gyaran famfo. Zan ba ka lambarsa."

"Ya iya aiki?"

"Wa ya sani? Tun mijina yana raye muka kira shi. Har yanzu yana hanya."

"Mama, kina da biro?"