Rijiyar da Aka Haƙa Mana Dab da Majema

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, Allah ya ƙara lafiya. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Makarfi.

Bara ma'aikatan ruwa suka cike tsohuwar rijiyarmu, suka haƙa sabuwa ta siminti dab da ramukan majema. Da damina ta sauka, ruwan ya fara wari, gudawa ta kama yara, 'yata Hajara ta rasu. Na taka har ofishinsu da ruwan a gora. Akawu ya toshe hanci, wai sai in kawo kukana a rubuce da boko. Na ce, "Malam, kurɓa ɗaya ka yi." Ya ce in fitar masa da ƙazanta daga ofis.

Jama'a, ina zan dosa? Ƙannen Hajara biyu wannan ƙazantar suke sha har yau.