Kada a Rufe 'Yar Baƙa a Gilashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa da 'yan kwamitinsa, malam liman, shugabar ma'aikatan jinya da ta baro aiki ta zo, dattawan unguwa, uwargida matar abokina, babban ɗansa, 'yarsa Auta, jikoki da sauran jama'a, assalamu alaikum. Ban iya karatu ba, da ka na riƙe jerin nan. Idan na tsallake wani mai muƙami, ya yi haƙuri, ba da gangan ba ne.

Mai lasifika, ɗauke abin nan daga bakina. Na baya su matso. A taron wannan mutumin ba zan yi magana ta cikin ƙarfe ba.

Ni ne mai gangarsa. Tun muna da baƙin gashi nake zaune a bayansa, shi da jita, ni da ganga. Mu da muka taso tare ba mu san shi da wani suna ba sai Sannu-Sannu. Sunan tsokana ne, mu muka laƙaba masa, ya karɓa ya riƙe har ƙasa ta rufe idonsa.

Ya kasance mutum mai saurare kafin ya taɓa tsirkiya. Ina tare da shi ranar da ya je sayen amfilifaya, wato akwatin da ke fitar da muryar jita. Shagon cike yake da manya, wasu sun kai ƙirjina. Mai shago ya ja mu wajen wata ƙatuwa ya ce, "Wannan idan ka buga, unguwa uku za su san ana biki." Na ce, "Shi ke nan, a ɗaure mana ita." Sannu-Sannu ya juya wa ƙatuwar baya. Ya zaro ƙanana daga ƙarƙashin kanta ya jera su, ya ce a kashe fanka. Ana zufa, mai shago yana hararar mu. Ya jona ta farko, ya taɓa tsirkiya ɗaya tak, ya sunkuyar da kai har sautin ya mutu. Sai ya riƙa murɗa maɓallin murya kaɗan-kaɗan, har inda muryar ta fara kaushi kamar mai mura. Ya ture ta. Ta biyu ma ba ta je ko'ina ba ta shaƙe. Ta ukun baƙa ce, fatarta ta ɗaye a gefe, amma bakin sifikarta ya fi na sauran faɗi. Ya yi ta murɗawa tana fita garau, ta daɗe kafin ta fara gurnani.

Mai shago ya ce, "Malam, in murya garau kake nema, babbar ba ta shaƙewa ko ka ƙure ta."

Ya ce, "Na sani. Amma in na saya zan ƙure ta, ni na san halin mai gangata. Wannan kuwa tana faɗa mini iyakarta."

Na ce masa, "Kai dai rowa ce ke damun ka, ba ka so na nesa su ji."

Ya ce, "Na nesa suna da ƙafa."

A kan kekensa muka ɗauro baƙar nan. Uwargida, kina tuna abin da ya fara nema da ya shiga gida? Ba ruwan sha ba, jan farcenki. Ya ɗiga a jikin akwatin daidai inda muryar ke fara lalacewa. Ɗigon yana nan, ga ta can a kan tebur, kowa ya je ya gani. 'Yar Baƙa ke nan. Bai taɓa barin maɓallin ya wuce wurin ba, ko ango ya roƙe shi.

Ya kasance idan ya fara bugawa, masu surutu su ke yin shiru da kansu, don in ba su yi ba babu abin da za su ji. Mun ga mata sun ajiye ludayi sun matso. Mun ga tsofaffi sun jawo kujera har gwiwarsu na taɓa tasa. Shugabar jinya tana nan, ta faɗa muku: shi kaɗai aka yarda ya shiga ɗakin marasa lafiya da kayan kiɗa. Yakan ajiye 'Yar Baƙa a ƙarƙashin gadon da ke tsakiya, ya buga wa mai karaya, na kusa da shi yana barci bai farka ba. Bai taɓa karɓar ko ruwa a wurin ba.

Yanzu zan faɗi wadda ba a so. Da aka shigo da manyan lasifikoki, aka daina kiran sa. A taron ƙungiya aka ce kiɗansa na ɗakin amarya ne, ba na fili ba, aka yi dariya, kuma wasu masu dariyar suna zaune a layin gaba. Ni har gobe ina nan kan bakana, da ya sayi babbar da ba mu rasa bukukuwan nan ba. Na faɗa masa yana raye, ba zan canja don ya mutu ba. Amma ni a gabansa na faɗa. Da ya kwanta jinya, na ƙirga fuskokin 'yan kwamiti a bakin gadonsa, ban sha wahalar ƙirga ba. Yau ga lasifika biyu kowace ta kai ƙofa tsawo, an ce don girmama shi. To, Allah ya ba da lada.

Ya kasance ba ya riƙo. Na bar shi na wasu shekaru, na bi masu manyan kaya, iyali sai sun ci. A can ake zaunar da mai ganga a gindin lasifika. Da na dawo, kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Likita ya ce ƙara ce ta cinye su, ni na ce tsufa ne, kuma ba mu shirya da likitan ba har yau. Sannu-Sannu bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Wata la'asar sai ga shi a ƙofar ɗakina da keke. Ya ɗora 'Yar Baƙa a kan kujera, ya juya bakinta saitin kunnena na dama, ya murɗa zuwa jan farce, ya buga.

Jama'a, na ji. Kowace tsirkiya daban, tar. Manyan lasifikokin nan ba kiɗa nake ji a cikinsu ba, gurnani ne kawai kamar injin niƙa. Rediyo ma haka. A duk duniyar nan akwati ɗaya ne ya rage da nake jin kiɗa a cikinsa, ga shi can.

Na ce masa, "Ƙara kaɗan." Ya ce, "Matso kaɗan, kurma." Haka muka yi ta yi duk la'asar ɗin da yake da lafiya. Da yatsunsa suka fara sanƙarewa sai ya riƙa zuwa da Auta, ta rufe shagon ɗinkinta da wuri, ita ta buga, shi ya zauna yana gyara mata da ido. Tun da ya rasu ban ji kiɗa ba.

Ɗazu na ga shugaba yana nuna akwatin gilashin can yana magana, jama'a na tafi. Ban ji ba, sai da surukina ya faɗa mini a kunne: wai za a sa 'Yar Baƙa a ciki, a kulle, a ajiye a ofishin ƙungiya don tarihi. A ofishin da aka yi mata dariya.

Babban ɗa, na san an ce maka girma ne ga mahaifinka, kuma ba na zargin ka. Amma ka tambayi duk mai gyaran rediyo, irin wannan akwatin in ba a kunna shi yana ɗumi, sai sanyi ya shige shi ya lalace. Mahaifinka bai saye ta don kallo ba.

Uwargida, ke ce mai magana ta ƙarshe. Kin san ni, ban iya roƙo ba. Ko bashin gishiri ban taɓa aikowa gidanki ba, kuma kin sha cewa taurin kaina ya fi na mijinki. Yau ina roƙo a gaban mutane. Ki ba Auta ita. Ta kai ta asibiti yadda ubanta yake yi. In ta samu sarari, ta biyo ta ƙofata da la'asar, kujerar tana nan inda ya bar ta, ban yarda an ɗauke ba. Ba sai kin yi magana ba, ba zan ji ba. Ki ɗaga mini kai kawai.

Na gani. Shugaba, kai ma ka gani ko? To gilashin a sa hotonsa a ciki, hoto ba ya jin sanyi.

Auta, ki share hawayenki ki saurare ni. Duk wanda ya ce ki ƙara murya, ko ni ne, kada ki wuce jan farcen uwarki.

Mun gode wa duk wanda ya tako ya zo, har da waɗanda na taɓa, ba zan janye ba amma na gode. Ya Allah, bawanka ya zo gare ka, bai taɓa hana maƙwabci barci ba. Ka sanyaya makwancinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

In kun ce amin ba zan ji ba. Ku ɗaga hannu in gani.