Robobin Bikin 'Yata

Gaisuwa gare ki mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni malamin firamare ne a Samaru Kataf, kuma da kunya nake rubuto wannan wasiƙa.

Bara muka kafa tankin ruwan sha da famfo a harabar cocinmu, domin kowa ya zo da gorarsa ya cika, a rage zubar da robobi. Ni ne shugaban kwamitin da ke kula da aikin.

Da bikin 'yata ya zo, sai na ji tsoron kada surukai daga Kaduna su raina mu. Na sa aka kulle famfon, na sayo ruwan roba, har aka manna hoton ango da amarya a jiki. Baƙi suka sha, suka watsar.

Bayan kwana biyu aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Robobin suka toshe kwalbati, ruwa ya shiga ɗakin Mama Saratu, gwauruwar da ke share mana coci, ya lalata busasshiyar cittar da ta ajiye. Na iske ta cikin taɓo tana zaro robobin ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga guda, ta goge da zaninta, ta ce, "Malam, amaryarmu ta yi kyau."

Na taya ta kwashewa.

Ranar Lahadi zan ba da rahoton kwamiti. Ku ba ni shawara: in roƙi gafararta a ɓoye, ko in tashi gaban ikilisiya in faɗi abin da na yi?