Kyamarar Shago ta Tozarta Mahaifina

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Tofa.

Mahaifina tsoho ne mai noman rani, yana fama da ciwon da ke hana shi riƙe fitsari. Ranar kasuwa ya shiga wani shago sayen taki, fitsari ya kuɓuce masa a gaban mutane. Ashe akwai kyamara a shagon. Mai shagon ya ɗora bidiyon a Fesbuk da dariya.

Aka yi ta gardama a ƙarƙashinsa. Wasu suka ce zalunci ne, amma mafi yawa cewa suka yi shagonsa ne, kyamararsa ce. Wani har ya rubuta sunan ƙauyenmu.

Na je na roƙe shi ya goge. Ya ce, "Ke, tun da na sa shi ciniki ya ƙaru. Ki saya wa tsohon naki famfas."

Yau wata guda Baba bai fita masallaci ba, domin yara na binsa da waƙa. Jama'a, ina zan kai ƙarar mutumin nan? Ku ba ni shawara don Allah.