Inda Aka Haifi Bashir

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, masu girma wakilan hakiman Gaya da Ajingi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, limamai da malamai, shugabannin ƙungiyoyi goma sha shida da suka shiga Gasar Kaka ta bana, alƙalan wasa waɗanda yau ne kaɗai aka ba su kujera ba tare da an haɗa musu da zagi ba, iyaye mata da ke zaune daga baya, da sauran jama'a da suka tsaya a tagogi saboda ɗakin ya cika, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaban makarantar nan da ya ara mana ɗakin taro, ina godiya ga waɗanda suka baro sussuka da jigilar amfanin gona suka zo, ina kuma godiya ga abokan aikina huɗu na kwamiti, waɗanda suka yi mako uku suna haƙuri da ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Inuwa. Malamin motsa jiki ne ni da ya yi ritaya, na kuma yi shekara ashirin da biyu ina hura usur a filayen ƙasar nan. Abin da ya tara mu sananne ne, amma zan maimaita shi domin baƙi. Tun mako uku da suka wuce ya kamata a buga wasan ƙarshe tsakanin Taurarin Toranke da Zaratan Gaya, a filin Toranke. Kwana biyu kafin wasan, Malam Bala, kocin Zaratan, ya kawo ƙara a rubuce cewa Bashir, ɗan gaban Taurari, wanda ya ci ƙwallo tara a gasar nan, ba a Toranke aka haife shi ba. Dokarmu ta bakwai kuwa ta ce ɗan wasa zai buga wa garin da aka haife shi. Aka dakatar da Bashir, aka ɗage wasan zuwa jibi Asabar, aka ce mu zagaya mu ji ta bakin 'yan kallo. To, ko Bashir zai sa riga jibi ko ba zai sa ba, shi ne abin da zan sanar kafin in zauna.

Mun ji ta bakin mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, a teburan mai shayi, da gidajen kallo, da tashar babura, da kasuwar Ajingi ranar cinta. Ra'ayoyinsu sun kasu gida uku.

Na farko, halin da wasan ke ciki. Dattawa sun ce ƙwallo ta mutu, samari sun ce dattawa ne suka tsufa. Wani mai gyaran keke a Gaya ya ce mana: "Malam, a da in aka ba mutum ƙwallo, gaba yake nufa. Yanzu na gaba ya ba na tsakiya, na tsakiya ya ba na baya, na baya ya ba gola. Ni kuwa na rufe shago na zo kallo." Mun rubuta wannan, amma ba mu da maganinsa.

A nan zan ɗan ratse. 'Yata Hajara ma'aikaciyar jinya ce a ƙasar Ailan, kuma ta san halin ubanta, don haka takan turo mini hotunan wani wasa nasu da suke kira ƙwallon Gelik. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare. Ana ɗaukar ƙwallon da hannu, ana kuma buga ta da ƙafa. In ta bi ta saman sandar raga maki ɗaya ne, in ta shiga raga maki uku. Na tambaye ta abin da 'yan kallonsu ke cewa, sai ta ce: "Baba, kamar kana zaune a tashar Gaya. Sun yi shekaru suna kukan cewa 'yan wasa sun koma baya sun cunkushe, ana ta miƙa ƙwallo hannu da hannu. Aka sake musu dokoki, yanzu rabi na yabo, rabi na cewa an ɓata wasan kakanninsu. Masu sharhin talabijin kuwa, kowa na zaginsu, kuma kowa na zaman jiran su fara magana." Na kawo wannan ne domin mu san ba mu kaɗai Allah ya jarraba ba.

Na biyu, sharhi. Mai sharhi ɗaya muke da shi, Malam Gwadabe, ga shi can zaune kusa da ƙofa, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana riƙe da lasifikar gasar nan. Mutum ɗari da tara sun ce a karɓe lasifikar daga hannunsa. Da muka tambaye su ko za su zo kallo in babu shi, tamanin daga cikinsu suka ce a'a. Wata mai sayar da awara a bakin fili ta ce: "Ranar da muryarsa ta dushe, ko rabin tire ban sayar ba." Kowa ya san salonsa: ba ya kiran ɗan wasa sai ya haɗa da sunan uba da na unguwa, har mutum ya ji kamar sarauta aka naɗa masa. Amma a wasan kusa da na ƙarshe, da Bashir ya ci ƙwallo ta biyu, Malam Gwadabe ya ce a lasifika: "Bashir na babu gari, ba a san inda aka haife ka ba, amma an san inda kake zura ta." Fili ya ɗauki dariya. Daga wannan dariyar aka samu ƙarar da ke gabanmu, daga ita kuma aka samu sunan da aka riƙa bin magidanci mai 'ya'ya biyu da shi har cikin kasuwa.

Na uku, doka ta bakwai, kuma a nan zan daɗe. Ni na rubuta ta, da hannuna, shekara goma sha tara da suka wuce. Dalilina a lokacin mai kyau ne. Ana ɗauko 'yan wasa daga Kano a motar haya, a sa musu rigar ƙauyen da ba su san hanyar masallacinsa ba, su ci kofi su koma. Dokar ta kashe wannan. Na yi alfahari da ita, har da Hajara ta gaya mini cewa a wasan can nasu ba a saye ko sayar da ɗan wasa, kowa yankinsa yake buga wa, sai na riƙa kafa hujja da su a majalisa. Mafi yawan waɗanda muka tambaya sun ce doka doka ce, a bi ta. Don haka muka ce aikinmu mai sauƙi ne: mu gano inda aka haifi Bashir.

Bashir ɗan gidan makiyaya ne da suka zauna a gefen Toranke tun yana goye. Mahaifinsa ya rasu. Takardar haihuwa babu. Shi da kansa ya ce mana: "Ni dai a nan na buɗe ido. Abin da ya faru kafin nan, ba a yi shawara da ni ba." Saura mutum ɗaya da ta sani, mahaifiyarsa, Inna Hansai.

Mu biyar muka tafi da hantsi a kan babura uku, da littafi da biro. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo nono. Bayan gaisuwa na ce: "Inna, mun zo ne a kan Bashir. A ina kika haife shi?" Ta dubi ƙasa, ta ce: "Malam, ku sha nonon, na safe ne." Na sake tambaya, ta tambaye ni lafiyar iyali. Na tambaya a karo na uku, har sakatarenmu ya fara rubuta cewa mai shaida ta ƙi ba da haɗin kai. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarta ta leƙo ta ce: "Ku duk ba iyaye mata ne suka haife ku ba? Ɗan farinta ne fa."

Jama'a, dattawa biyar, mafi ƙanƙantarmu ya haura hamsin, muka hau babura muka je mu sa uwa ta kama sunan ɗan farinta a gaban baƙi maza, ta kuma ba mu labarin haihuwarsa. Na ji kunya a ranar, kuma ina jin ta yanzu da nake faɗa.

Muna shirin tashi sai Inna Hansai ta yi magana, fuskarta na kallon garke. Ta ce: "Wanda kuke tambaya ban san zancensa ba. Amma shekarar da kuke nufi, muna kan hanyar dawowa daga kudu, jar saniyarmu ta haihu a gindin wata ɗorawa, ba a garin kowa ba. Kwana uku muka tashi. Ɗan maraƙin a nan ya girma, ciyawar nan ya ci, gonakin nan ya yi wa huɗa. Ban ji wanda ya tambayi inda aka haife shi ba kafin a ɗaura masa garma." Sannan ta ƙara da cewa: "Ku kuma da kuke zaune a gari, ɗan farin wa aka haifa a gidan ubansa?"

Wannan tambayar muka ɗauko muka dawo da ita. Kowa a ɗakin nan ya san cewa a zamanin da aka haifi waɗannan 'yan wasa, mace in cikin fari ya tsufa gidan iyayenta take tafiya goyon ciki, a can take haihuwa, a can take wanka. Muka ɗauki sunayen mutum ashirin da biyu da za su fara wasan jibi, muka bi su gida gida, wannan karon kakanni da gwaggwanni muka tambaya. Bakwai 'yan fari ne. Biyar daga cikinsu a wani gari aka haife su, ba garin da suke buga wa ba. Uku daga cikin biyar ɗin 'yan Zaratan Gaya ne, har da golansu.

Ban faɗi wannan don in muzanta Malam Bala ba. Da muka kai masa sakamakon, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce: "Malam Inuwa, ni doka na gani a rubuce, kuma kai ka rubuta ta." Gaskiya ya faɗa. Akwai kuma abin da bai sani ba. Ni ma ɗan fari ne. A nan Ajingi aka haife ni, a ɗakin kakata, bayan tsohuwar kasuwa. Na yi shekara takwas ina buga wa Gaya lamba biyar, na zauna na rubuta dokar da ta haramta ni, na yi shekara goma sha tara ina kare ta, ban taɓa lura ba. Dokar ba ta taɓa cizon kowa a cikinmu ba, domin mu an san gidajen iyayenmu. Sai da ta zo kan mutumin da shanunsa ke tattake filin Toranke kowace kaka bayan an cire gyaɗa, har ya kwanta a iya buga ƙwallo a kansa, sannan muka tuna tana da haƙora.

Kwamiti ya rabu. Mutum biyu suka ce a bi doka yadda take, a dakatar da duk mutum shidan, wato biyar ɗin da Bashir, a gyara ta baɗi. Mutum biyu suka ce a gyara ta yau. Ƙuri'ata ce ta rage, kuma na jefa ta a kan dokata.

Saboda haka ga hukunci. Daga yau, ɗan wasa zai buga wa garin da yake kwana, yake noma ko kiwo ko sana'a, na tsawon shekara biyar, bisa shaidar mai unguwarsa. Wannan ya isa ya tare 'yan motar haya. Golan Zaratan zai tsaya a ragarsa jibi. Bashir zai sa rigarsa mai lamba tara.

Malam Gwadabe zai ci gaba da riƙe lasifika, domin jama'a sun nuna ba sa son sa kuma ba sa iya rabuwa da shi. Amma ku duba ɗakin nan, Bashir ba ya ciki. Mako uku ke nan bai taka fili ba, bai shiga kasuwa ba. Doka mun gyara ta da biro ɗaya, sunan da aka laƙa masa kuwa ba mu da biron da zai goge shi. Bakin da ya sa shi ne zai cire shi. Don haka da an shafa fatiha, Malam Gwadabe zai goya ni a babur ɗinsa mu tafi Toranke, ni in ba da haƙurin dokata, shi ya ba da haƙurin bakinsa. Ya kuma yi alkawari a gaban kwamiti cewa jibi, kafin a taɓa ƙwallo, sunan da zai fara fita daga lasifikarsa shi ne Bashir na Toranke, kuma zai faɗe shi sau uku.

Mun aika wa Inna Hansai cewa za a ajiye mata kujera a inuwa. Ta aiko da amsa cewa ita ba ta san kowa a cikin masu wasan ba. Ta dai roƙi a juya bakin lasifikar ya fuskanci gabas, wajen rugarsu, wai shanu na son jin hayaniya. Malam Gwadabe, ka ji inda za ka juya ta.

Allah ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya. Allah ya tsare ƙafafun 'ya'yanmu, ya tsare harsunanmu. Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya ƙara wa garke yawa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya saka wa iyayenmu mata da alheri a kan abin da suke faɗa da abin da suke haɗiyewa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ko a ina aka haife shi.

Na gode.