Na Zo Karɓar Shaidar da Na Ba Ku Bara

Salama a gare ku duka, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaku, dilan fata ne ni a Ƙofar Wambai. Shekara ashirin da huɗu ina wannan sana'a. Da fatar akuya goma na fara, a kaina nake ɗaukowa daga wurin majema. Ban gaji rumfa ba, ban yi ubangida ba. Abu ɗaya na mallaka: in na ce wa baduku fatar nan ba ta da aibi, ba ya warware ta ya duba. Shekara ashirin da huɗu na yi ina gina wannan, a minti goma na kusa rushe shi, kuma a nan gabanku na yi. Na kuma kusa haɗawa da lafiyar wani bawan Allah da bai yi mini laifin komai ba.

Mu a kasuwa, in ka sayar da kaya daga baya ka gane akwai huda a ciki, kai za ka bi mai shi ka karɓo. Abin da ya tsayar da ni nan ke nan yau. Na zo karɓar shaidar da na ba ku bara.

Kun san lokacin da 'yata Saratu ta rasu. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda na koma bayan an watse daga zaman makoki. Sai in je rumfa in zauna, mai saye yana magana ina kallon bakinsa. Tuwo ba ɗanɗano, barci ba ya zuwa, in ya zo ba na son tashi. Matata Rifkatu ce ta ja ni asibiti. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya.

Shekara biyu ina sha, kuma ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Amma na tsane ta! A cikin gwangwanin man takalmi nake ɓoye ta. Dattijo guda a ikilisiya, a ce yana shan maganin ƙwaƙwalwa?

Wata rana likitar ta duba ni ta ce, "Malam Ishaku, ka samu sauƙi sosai. Za mu iya fara ragewa, amma a hankali, kamar wata shida."

Na ce, "Haba likita, wata shida ya yi tsada. A bar mini a wata biyu."

Ta ce, "Nan ba Wambai ba ce. Ba na ragi."

Na yi dariya na fito. Amma a raina cewa na yi kowa da yawa yake fara faɗa. Wanda ya ce shida, a biyu zai sallama, in ka matsa ma ya ba ka kyauta. Da kunnen ɗan kasuwa na saurari likita. Nan kuskuren ya fara.

A makon nan aka yi taron farkaswa. Kada kowa ya ɗora wa mai wa'azin, bai ce a zubar da magani ba. Ni ne na ji jikina sakayau, waƙa ta ɗauke ni, na fito nan gaba da ƙwayoyin a hannu na ce Ubangiji ya warkar da ni, ba na bukatarsu. Na zuba su ƙasa na murƙushe da takalmi. Mata suka yi guɗa, aka buga ganga. Rifkatu kaɗai na hango ta dafe kai.

Kwana biyu lafiya ƙalau. Har ina ce mata, "To ina likitar taki?"

A rana ta uku, 'yan'uwa!

Na sunkuya in ɗaga ɗaurin fata sai rumfar ta juya da ni. In na juya ido sai wani abu ya tsarga mini a ka, kamar na taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu. Warin jima da na fi shekara ashirin ina shaƙa ban taɓa ji ba, ranar sai da ya sa ni amai a bayan rumfa. Zufa, rawar hannu, mafarkai marasa kan gado. Ga kuka ba dalili. Ni, Ishaku, ina tsaye ina kuka saboda mai shayi ya ce madara ta ƙare!

Sai masu magani suka taso. Kun san kasuwa, kowa likita ne. Wannan ya ce taifot ne, wancan ya ce shawara ce. Wani ya rantse sammu ne, wai ana baƙin cikin cinikina. Mai tallan magani da lasifika ya tsaya a ƙofar rumfata ya fi rabin awa yana lissafo cututtukan da ko sunansu ban taɓa ji ba, duk wai ina da su. An kawo mini jiƙo kala uku, an kawo hayaƙi. Na sha na shaƙa, don in na ƙi sai an tambaye ni to me ke damuna.

Rifkatu ta ce, "Baban Saratu, ka koma wurin likitar nan."

Na ce, "In koma in ce me? Duk ikilisiya ta ga na taka su."

Ta ce, "Ikilisiya ce take share maka amai ko ni?"

Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce magabci ne ya dawo ramuwa saboda na kunyata shi, na ɗauki azumin kwana uku. A rana ta biyu na faɗi a kan tulin fata, sai da aka yayyafa mini ruwa. Kuma a cikin kwanakin nan ne na jefi wani tsohon majemi da fatarsa, mutumin da ya fi shekara goma sha biyar yana kawo mini kaya, don kawai ya ce in ƙara dubawa. Ya tattara kayansa ya tafi.

Duk da haka ranar Lahadi sai in saka babbar riga in zo. Ku ce, "Baba Ishaku, yaya nasara?" In ce, "Sai godiya!" Ina riƙe da benci don kada in kife.

Maƙwabcin rumfata shi ne Alhaji Sabo, shekara ashirin muna jere. In ya tafi masallaci ni ke duba masa rumfa, in na tafi asibiti shi ke duba mini. Hawan jini nake ce masa. Ashe ya daɗe da sanin ko wane asibiti nake zuwa, bai dai taɓa tayar da maganar ba.

A mako na uku sai ga Malam Luka, wannan da ke ɗinka takalma, mawaƙinmu. Ya ba ni izinin faɗin sunansa, ga shi can zaune. Ya zo sayen jan fata, na ga yatsansa a naɗe da tsumma, idonsa ya faɗa.

Ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, shaidarka ta ƙarfafa ni. Ni ma irin maganin nake sha, ba wanda ya sani. Yau kwana biyar da na zuba nawa a masai. Sai dai jiri nake ji, har wuƙa ta yanke ni. Kai ma ka ji haka da farko?"

Kun san me na ce masa? Na ce, "Ka dage, Ubangiji yana tare da kai." Na naɗe masa fatarsa ya tafi.

Alhaji Sabo yana jin mu. Ya gama naɗe hannun rigarsa zai yi alwalar azahar, sai ya tsaya a kaina da buta.

"Dattijo," haka yake kirana, "ni ban san harkar cocinku ba. Amma shekara ashirin ban taɓa ganin ka naɗe huda a ciki ka miƙa wa mutum ba, sai yau."

Na ce, "Alhaji, ba ruwanka."

Ya ce, "Ruwana kuwa, tunda ni nake ɗaga ka in ka faɗi. Duba mini rumfa."

Ya tafi ya bar ni. Na shige bayan tulin fata na durƙusa, don tsayuwar ma ta gagare ni. Addu'ar da na yi ba mai daɗin ji ba ce. Na ce, "Ya Ubangiji, me kake so da ni? Na ɗaukaka sunanka a gaban jama'a, ka bar ni ina amai a kwata! Na yi azumi, na sha ɗaci, me ya rage?"

Ban ji murya ba, ba zan ƙara muku wata ƙaryar ba. Yatsan Luka kawai nake gani. Sai tambaya ta zo mini a fili: ranar nan sunan wa ka ɗaukaka? Wa ya aike ka? Wanda ya ba ka likita, ya ba ka magani, ya tashe ka daga tabarma, shi ne ya ce ka taka abin da ya ba ka?

Na ce, "Ka gafarta mini. Sunana nake karewa, ba naka ba. Ka ba ni ƙarfin bin kayana."

Alhaji na dawowa na tari adaidaita sai shagon Luka. Na same shi ya kifa kai a kan keken ɗinki. Na ce, "Luka, ƙarya na yi maka. Na fi ka jin jiki. Gobe da safe asibiti za mu, ni da kai."

Likitar ta saurare ni har na gama. Na zaci za ta yi faɗa. Cewa ta yi, "To, ka samu ragin?"

Ta bayyana mana cewa jiki ya saba da maganin, in aka fizge shi lokaci ɗaya dole ya yi bore. Ba aljani ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba. Ta mayar da ni kan maganin har na daidaita, sannan muka fara sauka kaɗan-kaɗan yadda ta tsara.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Duk lokacin da aka rage, makon farko sai na ji a jikina: ɗan jiri, ɗan tsargawar nan, ga saurin fushi. Bambancin shi ne yanzu na san sunan abin, na san zai wuce. Rifkatu tana yin alama a kalandar coci duk ranar da abin ya motsa, mu kai wa likita ta gani. Na daina fita ba karin kumallo. In jiri ya zo sai in zauna, ko gaban wa nake. Da yamma in taka a ƙafa daga Wambai har Ƙofar Mata, in tsaya kallon masu rini, in dawo. A makon ragi kuma ba na ja-in-ja da kowa. In mai taurin kai ya zo, Alhaji Sabo sai ya leƙo ya ce, "Zo nan ka yi da ni, Dattijo yana hutun faɗa."

Sau biyu likita ta tsayar da mu a mataki ɗaya, ta ce jikina bai shirya ba. Na ji haushi ƙwarai! Har bakina ya buɗe zan taya, Rifkatu ta taka mini ƙafa.

Wata tara muka yi. Ni da na raina shida! Yau wata huɗu ke nan da na sha ta ƙarshe, da izinin likita, kuma har yanzu ina zuwa ta duba ni. Na gaya mata in ciwon ya dawo zan koma sha, ba kuma a gwangwanin man takalmi ba.

Malam Luka kuwa likitarsa ta ce lokacin raginsa bai yi ba. Yana shan maganinsa kowace safiya, kuma kun ji muryarsa ɗazu. Duk wanda ya ce bangaskiyata ta fi tasa, ya same ni a waje bayan sujada.

Ga lissafina. Na yi asarar wata uku a banza, shida ta koma tara. Na yi asarar tsohon majemin nan: na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma har yau wani yake kai wa fatarsa. Na yi asarar guɗar da kuka yi mini, don na san yau ba mai yi. Abin da na samu: Luka yana nan da yatsunsa goma, matata ta daina dafe kai in na tashi magana, kuma in na ce muku lafiya lau, ba sai kun warware kun duba ba.

In kana nan kana shan irin maganin nan a ɓoye, ka dogara ga Ubangiji, ka kuma koma wurin likitanka kafin ka taɓa ko rabin ƙwaya. Shaidar bara ku dawo mini da ita, mai huda ce. Ku riƙe wannan.

Godiya ta tabbata ga Yesu, wanda ya yi haƙuri da mai taurin kai irina. Amin.